Wata Uku Ba Wuƙa

Da faɗa suka fara, kuma duk wanda ke layin shagunan nan ya ji.

Kwananta uku da buɗe shagon ɗinkin labule aka sauke mata dilar yadi a bakin ƙofa, an ɗaure ta tamau da igiyar roba da waya. Direban ya karɓi sa hannunta ya yi gaba abinsa. Ta ɗauko almakashinta, ta dube shi, ta mayar aljihun tebur. Ko takarda ba ta yarda a yanka da shi, balle waya.

Shagon da ke manne da nata na mai gyaran kujerun kushin ne. Ta leƙa ba ta ga kowa ba, sai wata kujera a kife, sosonta duk a waje. A kan bencin aiki kuwa, bisa wani tsumma, ga 'yar wuƙa irin wadda ake naɗewa a jefa aljihu, a buɗe, ƙotarta ta katako ta yi baƙi saboda riƙo.

Ta ɗauka. Igiyar roba ba ta yi gardama ba. Da ta zo kan waya sai ta sa bakin wuƙar ta danna, ta murɗa, ta ji ƙas.

"Wa ya ba ki?"

Ta juyo. Wani dogon saurayi ne tsaye, hannuwansa a jiƙe daga famfo, fuskarsa babu alamar ya taɓa yin dariya.

"Aro na yi, yanzu zan mayar."

"Aro a wurin wa? Bencin ne ya ba ki?"

Ya karɓi wuƙar ya ɗaga ta saitin haske. A tsakiyar bakinta ga giɓi, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba, amma yadda ya tsaya yana kallonsa sai ka ce gidansu ne ya rushe.

"Yi haƙuri, zan saya maka wata," in ji ta.

"Ba ki da almakashi?"

"Na yadi ne, waya za ta lalata shi."

"Ashe kin sani. Naki kika tausaya wa."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce, kuma babu abin da ke tunzura mutum irin gaskiyar da aka faɗa masa a gaban jama'a.

"Malam, wuƙa ce fa. Ba ɗanka na yanka ba."

"Shekara goma sha ɗaya tana aljihuna, ban taɓa yi mata abin da kika yi mata a minti ɗaya ba. Ɓarauniya kawai."

Auta ake ce mata a gida, ita ce ƙaramar 'ya'ya biyar, kuma tunda ta zo duniya babu wanda ya taɓa jifan ta da wannan kalma. Ta riƙe ƙugu ta yi masa wankin babban bargo, ta ƙare da cewa ya je ya yi wa 'yarsa jinya, Uban Wuƙa kawai. Daga ranar sunayen biyu suka bi su.

Mako biyu ba sa ga maciji da juna. In ta yi shara, sai iska ta ga dama ta kai ƙurar ƙofarsa. In ya tashi buga ƙusa, sai ya zaɓi bangon da ke tsakaninsu, daidai lokacin da take awo da mai saye. Da abin ya ishe ta, ta shiga kasuwa ta sayo wata wuƙa mai walƙiya, ta ajiye masa a benci ta koma shagonta. Kafin ta zauna saƙo ya shigo wayarta. A jikin allon shagonta ya ɗauki lambar.

"Ki zo ki ɗauki gwangwaninki. Wannan ko albasa sai an roƙe ta za ta yanka. Wanda ya yi giɓi shi ke cire shi. Dutse yana nan."

Ta karanta sau uku, ranta yana ƙara ɓaci, sannan ta rubuta:

"Zan zo, don mutane su huta da kukanka. Kuma sunana ba Ɓarauniya ba."

"To, Ɓarauniya."

Ta ɗauka aikin minti goma ne. Ya ajiye mata dutsen wasa wuƙa a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame, ya yayyafa masa ruwa, ya ce giɓi ba a cike shi, sai dai a cinye duk bakin wuƙar har ya sauko daidai da ƙasan giɓin. Kuma ba a gaggawa, ba a kai ta wurin injin, don zafin injin yana kashe ƙarfe.

"Kwantar da ita, ki ɗan ɗaga bayanta. Kin ɗaga da yawa. Ba tukunya kike kankarewa ba."

"In ka iya, ka yi da kanka mana."

"Ni na fasa?"

Haka suka yi kwana goma sha biyu, kullum a hutun rana, ita tana tura wuƙa a kan dutse, shi yana tsaye a kanta yana mita. Tura goma a wannan gefe, tura goma a wancan. In ta yi tara ya ce saura ɗaya, in ta yi sha ɗaya ya ce ta yi son kai. Ta koyi cewa ba a ɓamɓare murfin gwangwani da wuƙa, ba a kwance kusa da tsininta, ba a yanka abu ana jawo ta wajen jiki, ba a miƙa wa mutum ita sai a naɗe. In ta taɓa gam ko danshi a goge ta kafin a rufe. Duk wannan da harara ta koye shi.

Sai dai akwai abin da ta gani wanda ba ta so gani ba. Mutumin nan mai baƙar magana, in tsohuwa ta kawo kujerar da mijinta ya mutu ya bari, yakan zauna ya saurari tarihin kujerar kaf kafin ya taɓa ta. Kuma hannunsa, duk girmansa, in ya riƙe wuƙar yana feɗe tsohon yadi daga katako, ba ya taɓa ƙwarzanar itacen.

Ranar ta goma sha biyu giɓin ya ɓace. Ya miƙo mata wani yankin fata ya ce ta goga bakin a kai, baya-baya. Sannan ya riƙe takarda a iska ya ce ta gwada. Wuƙar ta bi takardar ta sauka har ƙasa babu ko ƙara.

Ya juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa a hankali. "Ba laifi," ya ce.

Abin haushi, sai ta ji daɗin kalmomin nan biyu ya fi na duk yabon da masu saye suka taɓa yi wa labulenta. Ta koma shago tana jin haushin kanta.

Washegari ya leƙo. "Ki sam mini ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, gaɓarta tana ƙara."

Ta ba shi. Jibi ya sake zuwa, gata ma haka. A rana ta huɗu ta riƙe kwalbar ta ƙi sakewa.

"Uban Wuƙa, da bakinka ka ce ɗigo ɗaya yana kai wata guda."

Ya sosa ƙeya. Ya fita ba tare da man ba, can sai ga saƙo:

"Gaɓar ƙalau take. Ni ne ba ƙalau ba. Tunda kika gama aikin nan hutun rana ya yi mini tsawo. Ina son ki, Ɓarauniya, kuma ba da wasa nake ba."

Ta ajiye wayar, ta ɗinka gefen labule guda a karkace, ta warware, sannan ta amsa:

"Har yanzu ba ka da kirki. Amma ni ma hutun ranar ya yi mini tsawo."

Wata huɗu suka yi a haka, faɗa da safe, shiri da rana. Yana kawo mata shayi ya ce sukarin da take sha zai kashe ta, tana gyara masa wuyan riga ta ce ko mahaukaci ya fi shi iya sa kaya. Duk layin sun san inda aka dosa, har da mai kemis ɗin da ke ƙarshen layi, wanda ya daɗe yana aiko mata da gaisuwa tana yin biris da shi. Mai kemis ɗin ne kuma ke kai wa mahaifinta maganin hawan jini duk wata, ya zauna su sha hira.

Mahaifin Auta shekara talatin ya yi yana aikin jinya a sashen gaggawa na asibiti kafin ya yi ritaya. Abin da idonsa ya gani a can ya sa ya kafa doka a gidansa: wuƙa ba ta wuce ƙofar kicin, kuma mai yawo da ita a jiki ba ya taka masa falo. Yakan ce bai taɓa ɗinke wanda aka soka da wuƙar da aka bari a gida ba.

Wata yamma ya kira ta. "Auta, an ce mini yaron da kike magana a kansa da wuƙa yake yawo a aljihu, irin na 'yan daba. Gaskiya ne?"

Ta san wanda ya kawo maganar. Ta kuma san in ta ce e, zancen ya mutu a nan take. Ta dubi mahaifinta, mutumin da ba ta taɓa ɓoye wa komai ba, ta ce, "Sharri ne, Baba. A shago kawai yake aiki da ita."

"To, ya zo ranar Asabar in gan shi."

Ranar Asabar tun da safe ta tura saƙo: "Don girman Allah ka bar ta a shago. Na gaya wa Baba ba ka yawo da ita."

"Tana aljihun benci tun jiya. Ki kwantar da hankalinki, Ɓarauniyata."

Da gaske ya bar ta. Abin da ya faru, yana hanya mai wata kujera ya kira shi zai ɗauki kayansa, ya biya shago, ya ga zare yana reto a gindin kujerar, ya ɗauko wuƙa ya datse. Hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana yin abu ɗaya bai tsaya neman izini ba, ya naɗe ta ya jefa aljihu.

Auta ta shigo falo da tiren shayi ta tarar hira ta yi kyau. Baba yana tambayar sa iyayensa da yadda ya koyi sana'a, yana amsawa a natse, kansa a ƙasa. Sai dai ta lura idonsa yana komawa hannun kujerar da Baba ke zaune a kai, inda wani ɗinki ya farke, igiyar gefe ta zaro tana lilo. Ta san wannan kallon. Kafin ta ajiye tiren ya matsa gaba.

"Baba, in aka bar wannan zai ci gaba da warwarewa. Bari in datse maka."

Ƙarar buɗewar wuƙar ba ta da yawa, amma a falon nan kowa ya ji ta. Shi kansa sai da ya ga ƙarfen a hannunsa, tazarar taƙi ɗaya daga gwiwar tsohon, sannan ya gane abin da ya yi.

Baba bai ɗaga murya ba. "Naɗe ta. Tashi ka fitar mini daga gida."

"Baba, wallahi..."

"Ni ba babanka ba ne. Fita."

Da ya fita, tsohon ya juyo kanta. "Ke kuma kin dubi tsabar idona kin yi mini ƙarya saboda namiji."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Daga ranar ya daina kiran ta Auta. In ta gaishe shi ya ce lafiya, ya ci gaba da karatun jaridarsa. Mama ta sa baki, ya ce ta bar maganar in tana son zaman lafiya.

Saƙonni suka yi ta shigowa. "Ki yafe mini. Wallahi ban san tana jikina ba, hannuna ne ya saba."

"To ka je ka auri hannun naka," ta rubuta, ta kashe wayar tana kuka.

A shago ta daina kallon ɓangarensa. Mai kemis kuwa ya samu ƙofa, ya zo da turare da murmushi yana cewa shi dama tausayinta yake ji, yarinya 'yar gidan mutunci da ɗan daba.

"Wanda kake kira ɗan daba a gabana yake faɗin abin da ke ransa," ta ce masa. "Kai kuma sai ka zagaya ta bayan gida. Ɗauki turarenka, yana sa ni atishawa."

Kwana takwas bayan haka, tana ɗaki da rana ta ji sallama a ƙofar falo, ta gane muryar Uban Wuƙa ce. Ta laɓe bayan labulen da ita ta ɗinka. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya durƙusa, ya ajiye wuƙar a naɗe a kan tabarmar shiga.

"Na zo ba da haƙuri. Laifin ƙaryar ma nawa ne, don saboda ni ta yi ta. Ga ta nan, ka yi yadda ka ga dama da ita."

Baba ya daɗe yana kallon sa. "Kuna da yawa masu wannan magana. Na ji ta a bakin gadon asibiti ya fi a ƙirga, in an sallame su sai su sayi wata. Wata uku. Ba wannan ba, ba wata ba, ko a gida, ko a hanya, ko a wurin aiki. In ka cika, ka dawo mu yi magana. In ka karya, kada in sake jin sunanka a gidan nan."

"Na yi alkawari."

Tsohon ya ɗauki wuƙar da yatsu biyu ya kai ɗakinsa. Ya tabbata yaron ba zai kai mako ba, har ya ce wa mai kemis ya sa masa ido.

Washegari Auta ta shiga shagon mai kushin a fusace. "Kana da hankali kuwa? Da me za ka yi aiki?"

Ya nuna mata almakashi da fakitin reza. Almakashi yana yanka yadi, amma ba ya shiga lungun katako, ba ya feɗe tsohon gam, ba ya gyara bakin soso. Wannan duk sai reza, tsirararta, a tsakanin yatsu biyu.

A makon farko filasta biyu ne a hannunsa. A na uku sun zama biyar, kuma a wurin mai kemis yake saye, shi kuwa mai kemis yana miƙo masa yana murmushi. Aikin da yake gamawa a wuni ya koma kwana uku, wasu masu kujeru suka kwashe kayansu suka kai wani wuri. Auta tana jin duk lokacin da ya ja tsaki ta bayan bango, ta san reza ta sake cin sa.

Ran nan ta rufe ƙofar shagonsa, ta fito da wuƙar nan mai walƙiya daga jakarta ta ajiye a benci.

"Ka yi aiki da ita a ciki, in ka gama in tafi da ita. Wa zai gani?"

"Ni."

"Taurin kan nan naka zai raba ka da yatsunka."

"Kin yi masa ƙarya sau ɗaya saboda ni, kin ga abin da ta jawo miki. Ba zan ƙara ta biyu ba. Ɗauke ta."

"Wato alkawarinka ya fi hannunka, ya fi ni da nake kallo raina yana ƙuna?"

"Don ke nake yi, Ɓarauniya."

"Kada ka sake kira na da wannan sunan."

Ta fita ta bugo ƙofa. Kwana uku ba ta yi masa magana ba, tana son sa tana jin kamar ta shaƙe shi.

A mako na bakwai, da hantsi, yana feɗe wata tsohuwar fata mai kauri daga bayan kujera, rezar ta karye a hannunsa. Wannan karon ba tsaki ta ji ba, shiru ta ji, shirun da ya sa ta tashi daga kan keke. Ta same shi ya dafe gindin babban yatsansa na hagu, jini yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan soso.

Ta fizgi ragowar yadin labule ta naɗe hannun ta ɗaure, ta tare tasi ta tura shi ciki.

"Asibiti," ya ce wa direba.

"Asibiti da nisa, ga cunkoso," in ji ta, ta faɗi layin gidansu.

"Ya ce kada in dawo sai na cika."

"Rufe mini baki ka ɗaga hannun sama."

Baba yana zaune a baranda da jarida suka shigo. Ya miƙe, fuskarsa ta haɗe, ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka kan yadin da ya rine. Shekara talatin ba wasa ba ce.

"Zaunar da shi. Ɗauko mini akwatina, ki ce wa uwarki ta kawo tafasasshen ruwa."

Akwatin aikinsa yana nan cike, don har yanzu maƙwabta suna kawo masa masu rauni. Ya wanke hannu, ya danne wurin har jinin ya tsaya, ya duba ko yatsan yana motsi, ya yi masa allurar kashe zafi, ya fara ɗinki. Da ya kai ɗinki na huɗu ya juya hannun, sai ya ga sauran yatsun. Ya kamo na dama ma ya duba. Babu yatsa ɗaya da ba shi da yanka, wani ya warke, wani ya kumbura, wani filastar ta yi baƙi a kai.

"Wane jahili ne yake ɗaure maka waɗannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da me kake aiki?"

"Reza."

"Tsirara? Ba ka iya sa mata ƙota ba?"

"In na sa mata ƙota ta zama wuƙa. Kuma na yi alkawari."

Hannun tsohon ya tsaya da allura a iska. "Waccan da ke ɗakina, shekara nawa kana riƙe da ita?"

"Goma sha ɗaya."

"Sau nawa ta yanke ka?"

"Sau ɗaya. A makon da na same ta."

Auta tana durƙushe riƙe da kwanon ruwa, hawaye yana zuba a ciki. "Baba, ni na kai masa wata wuƙar har shago, na ce ya yi aiki da ita a ɓoye, ba wanda zai sani. Ya kore ni. Gara ka ji daga bakina."

Baba bai dube ta ba. Ya ƙarasa ɗinki na biyar da na shida, ya yanke zaren, ya naɗe hannun da bandeji a tsanake. Sannan ya zauna yana kallon aikin nasa.

"Shekara talatin ina ɗinke abin da wasu suka yanka," ya ce a hankali. "Yau ga ni ina ɗinke nawa."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito, wuƙar tana tafin hannunsa a naɗe. Ya miƙa.

Mai kushin ya dube ta kamar yadda mai azumi ke duban ruwa, amma bai miƙa hannu ba. "Saura mako biyar da 'yan kwanaki, Baba."

"Ji mini yaro. Ni na ɗaura, ni na kwance. Karɓi, kafin ka ƙarar mini da zare." Ya cusa masa ita a aljihun riga da kansa. "Amma dokar gidana tana nan. In ka zo, ga taga can a bakin ƙofa, ka ajiye ta a kai kafin ka shigo."

"To, Baba."

"Kwana goma za ka dawo in cire zaren. Ranar ka zo da manyanka, in ga waɗanda suka haifi wannan taurin kai."

Mama da ke tsaye a ƙofar kicin ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Da yamma saƙonsa ya shigo, duk kuskure saboda da hannu ɗaya ya rubuta: "Ta yi tsatsa kaɗan a gaɓa. Ba zan iya wasa ta da hannu ɗaya ba. Ko kin san wani gwani?"

"Na san wata. Amma ba ta aiki ana tsaye a kanta ana mita."

"Zan yi shiru."

"Ƙarya kake, Uban Wuƙa. Ka zo da ita gobe."

Wata biyu bayan an cire zare aka ɗaura aure. Mutanen layi suka zo kaf, ban da mai kemis, wanda ya ce yana da kaya a hanya. Masu shaguna suna ta tsokanar ango, wai a caje shi kafin ya zauna.

Da lokacin tafiyar amarya ya yi, aka kawo su gaban Baba su yi sallama. Tun ranar Asabar ɗin nan bai kira ta da sunan da ya raɗa mata ba, ko bayan ya amince da auren. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya kamo hannun angon na hagu, ya juya shi, ya bi tabon da yatsa kamar mai duba aikin ɗalibi.

"Ɗinkin ya yi kyau," ya ce. Sai muryarsa ta canja. "Ka riƙe mini ita yadda ka riƙe maganarka."

Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kanta.

"Na yafe miki tuntuni, Auta, bakina ne ya yi nauyi. Tashi ki bi mijinki. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Duk falon aka amsa da amin. Ita dai ta kifa fuskarta a gwiwar mahaifinta tana kuka, shi kuma bai ce ta yi sauri ba.